Idan jami'a ta rufe ƙungiyoyin haruffan Girka a Amurka, ina mambobinsu suke komawa?

Baban Hafsa:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyaye da malamai da ɗaliban wannan zaure. Ina so mu tattauna wani al'amari da ya shafi duk wanda yake da ɗa ko 'ya a jami'o'in Amurka, ko kuma yake shirin turawa. A watan Mayu na 2021 Jami'ar Bloomsburg, wadda ta gwamnatin jihar Pennsylvania ce, ta aika wa ɗalibanta gajeren saƙo cewa daga wannan rana ta raba gari da dukkan ƙungiyoyin zumuncin ɗalibai masu ɗauke da sunayen haruffan Girka, na maza da na mata baki ɗaya. An kai ga haka ne bayan an daɗe ana dakatar da wannan reshe ana gargaɗin wancan, kuma bayan wani sabon ɗalibi ɗan shekara 18 ya rasa ransa a 2019, a daren da ya halarci liyafar neman sababbin mambobi. Abin da nake tambaya shi ne, idan jami'a ta yanke irin wannan hukunci, me yake samun ƙungiyar washegari? Mutuwa take yi, ko kuwa titi kawai take tsallakawa ta kama hayar gida, ta ci gaba da abin da ta saba ba tare da mai leƙa ta ba? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa rufewar ta fi kare sunan jami'a a kan ran ɗalibi, amma akwai waɗanda suka fi ni sanin ƙasar a nan, kuma ina so in ji ta bakinsu.

Dokta Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam, Baban Hafsa. Ya kamata waɗanda ba su zauna can ba su fara sanin yadda aka gina ƙungiyoyin, domin amsar tambayarka a cikin ginin take. Tushensu ya koma 1776, lokacin da wasu ɗalibai a kwalejin William and Mary ta jihar Virginia suka kafa Phi Beta Kappa domin muhawara da adabi, sannan irin na zumunci da ake gani yau suka soma da Kappa Alpha a kwalejin Union ta jihar New York a 1825. Kowace ƙungiya tana da hedikwata ta ƙasa da rassa a jami'o'i daban-daban, kuma sau da yawa reshen yana da katafaren gida inda mambobi suke kwana, suke cin abinci, suke taro. Gidan nan galibi ba na jami'a ba ne, mallakar wani kamfani ne da tsofaffin mambobi suka kafa, kuma takardar izinin reshen daga hedikwatar ƙungiya take fitowa. Abin da jami'a take bayarwa amincewa ce kawai, wato damar amfani da sunanta da ɗakunan taronta da kuma tallata kai ga sababbin ɗalibai. In ta janye, iyakar abin da ta janye ke nan.

Duk da haka ban yarda cewa rufewa ba ta taɓa yin aiki ba. Kwalejin Williams ta jihar Massachusetts ta ɗauko maganar a 1962, a lokacin da mafi yawan ɗaliban da suka wuce ajin farko suke cikin ƙungiyoyin, kuma a gidajensu suke cin abinci. Shugabanta John Sawyer da kwamitin amintattu ba da haramci suka fara ba. Cewa suka yi daga yanzu kwaleji ce za ta ɗauki nauyin makwanci da abincin kowane ɗalibi, sannan suka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya suna karɓa, kuma zuwa 1970 zance ya ƙare. Kwalejin Bowdoin ta jihar Maine ta yanke nata hukuncin a 1997, ta ba da wa'adi zuwa 2000 domin waɗanda suke ciki su kammala karatu, ta mallaki gidajen ta mai da su gidajen ɗalibai, kuma kowane sabon ɗalibi ana haɗa shi da gida ɗaya tun isowarsa, ba sai wani ya tantance shi ya ce ya cancanta ba. A waɗannan wurare biyu ƙungiyoyin sun mutu da gaske, kuma kwalejojin ba su rasa masu neman gurbi ba.

Malam Na-Samaru:
Dokta, Allah ya ƙara ilimi. Ni ban zauna a Amurka ba, amma na koyar a jami'a a Nijeriya, kuma abin da muka gani ya ishe ni hujja cewa duk ƙungiyar da ake shigarta da rantsuwa da sirri da azabtar da sabon shiga ba ta da mazauni a makaranta. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan da kyakkyawar manufa, ta yaƙi da ƙabilanci da ɗagawar 'ya'yan masu hali. Daga nan aka yi ta ɓallewa ana kafa wasu, Buccaneers a 1972, sannan wadda aka fi sani da Black Axe, da ake danganta tushenta da Jami'ar Benin a 1977. Kowa ya san abin da ya faru a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da asubahin ranar 10 ga Yulin 1999, inda 'yan ƙungiyar asiri suka kutsa ɗakunan kwanan ɗalibai suka kashe biyar, ciki har da sakataren ƙungiyar ɗalibai George Iwilade. Da an murƙushe abin tun yana ƙarami da ba a kai nan ba. Saboda haka ni ina tare da Bloomsburg, kuma da ina da iko da kowace jami'a ta bi sahunta.

Lauya Ɗan Katsina:
Malam, ranka ya daɗe, misalin da ka kawo, idan aka dube shi da kyau, tsoron Baban Hafsa yake ƙarfafawa. Su kansu Pyrates sun janye daga harabar jami'o'i tun 1984, gwamnati ta haramta sauran, shugabannin jami'o'i sun kori ɗalibai ba iyaka, amma ƙungiyoyin ba su mutu ba. Cikin gari suka shiga, suka ɗauki waɗanda ko ƙofar jami'a ba su sani ba, wasunsu suka zama 'yan bangar siyasa. Sai dai ba zan ja kwatancin da nisa ba, domin na Amurka ƙungiyoyi ne masu rajista da adireshi da inshora, ana kai su kotu kuma suna biyan diyya.

Abin da nake so in ƙara a kan bayanin Dokta shi ne bambancin jami'ar gwamnati da mai zaman kanta, domin a nan doka take raba hanya. Williams da Bowdoin masu zaman kansu ne, ƙanana ne, suna garuruwan da kusan kowane ɗalibi a cikin kwaleji yake kwana, kuma suna iya gindaya sharaɗi cewa wanda ya shiga irin wannan ƙungiya ya nemi wata makaranta. Jami'ar gwamnati ba ta da wannan hurumi, saboda gyaran farko na tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin haɗuwa, kuma tun a shari'ar Healy da James ta 1972 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan kariya ta shafi ɗalibai a jami'o'in gwamnati. Tana iya hukunta reshe a kan laifin da ya aikata, tana iya rufe ofishinta mai kula da ƙungiyoyin, amma ba ta iya hana baligi shiga ƙungiyar da doka ba ta haramta ba a wajen katangarta.

Ko a masu zaman kansu ma tsugune ba ta cika ƙarewa ba. Kwalejin Amherst ta kori ƙungiyoyin daga harabarta a 1984, wasu suka ci gaba a cikin gari, sai da aka shekara 30 cif, a 2014, ta sake fitar da doka cewa shiga na waje ma laifi ne. Yanzu kuma ƙungiyoyin sun gane cewa ba sai sun jira kora ba. A Jami'ar Colorado da ke Boulder, bayan mutuwar wani sabon ɗalibi a 2004, hukuma ta nemi a jinkirta ɗaukar sababbin mambobi zuwa zango na biyu kuma a sa babban mutum ya riƙa kwana a kowane gida, ƙungiyoyin maza suka ƙi, suka haƙura da amincewar jami'a a 2005 suka kafa majalisarsu. A Jami'ar Duke an yi haka a 2021, a Jami'ar Kudancin Kalifoniya an yi a 2022, duka saboda an tsaurara sharuɗɗa. Gidan nasu ne, kuɗin nasu ne, hedikwata ba ta karɓe izini ba, to me jami'a ta riƙe da za ta tsorata su da shi?

Hajiya Maman Khalil:
Barista, na ji bayaninka, amma a matsayina na uwa akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kullum ana cewa a bar su ƙarƙashin jami'a domin a sa musu ido. To Timothy Piazza a ina ya mutu? A gidan Beta Theta Pi na Jami'ar Penn State, reshen da jami'a ta amince da shi, gidan da a takarda aka ce ba a shan barasa a cikinsa, akwai kyamarorin tsaro, akwai babban mutum mai ba su shawara da yake kwana a ciki. A daren 2 ga Fabrairun 2017 aka ɗura wa yaron nan ɗan shekara 19 barasa har sau 18 cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi, ya faɗo daga matakalar ɗakin ƙasa, aka ɗauko shi aka shimfiɗe a kujera, ana watsa masa ruwa ana marin fuskarsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce a kai shi asibiti aka ture shi. Cikin dare yaron ya yi ta miƙewa yana faɗuwa shi kaɗai, kyamara tana ɗauka, kuma sai da aka yi kusan awa 12 kafin wani ya kira motar asibiti. Ranar 4 ga wata ya cika. A 2017 ɗin dai aka rasa Max Gruver a Jami'ar Jihar Louisiana da Andrew Coffey a ta Jihar Florida, a 2021 kuma Stone Foltz a Jami'ar Bowling Green ta Ohio, duk a gwale-gwalen shiga ƙungiya da barasa. Idan wannan shi ne sa ido, ban ga abin da iyaye za su yi baƙin cikin rasawa ba. Aƙalla in jami'a ta cire hannunta, uwa irina ba za ta ga sunan ƙungiyar a shafin makaranta ta ɗauka wuri ne amintacce ba.

Lauya Ɗan Katsina:
Hajiya, ranki ya daɗe, maganarki ta ƙarshe tana da nauyi, domin amincewar jami'a shaida ce a idon iyaye, kuma shaidar da ba a bibiya yaudara ce. Inda na tsaya kawai shi ne, bayan mutuwar Piazza jami'a ta iya rufe wannan reshe har abada, ta gindaya wa sauran sababbin sharuɗɗa, saboda suna hannunta. Reshen da ya riga ya fita sai dai 'yan sanda, su kuwa ba sa zuwa sai abu ya riga ya faru.

Auta:
Ina gaida iyayena da malamaina. Ni ɗaliba ce a can, kuma ina roƙon a ba ni dama in kawo ɓangaren da har yanzu ba a taɓo ba. Duk mace-macen da Mama Hajiya ta lissafa a ƙungiyoyin maza suka faru, amma idan hukunci ya zo kowa yake haɗawa, kuma waɗanda suke fara faɗuwa ba su ne masu laifin ba. Harvard ce babbar shaida. A 2016 shugabarta Drew Faust ta sanar cewa ɗalibin da ya shiga ƙungiyar jinsi ɗaya ba zai zama kyaftin na wasa ko shugaban wata ƙungiyar ɗalibai ba, kuma jami'a ba za ta ba shi takardar goyon baya a neman tallafin karatu irin na Rhodes ba. Waɗanda aka nufa su ne tsofaffin kulob-kulob na maza masu dukiya, irin Porcellian da ta samo asali tun 1791. Amma zuwa watan Agusta na 2018 rassan mata huɗu da suke wurin duk sun rufe ko sun sauya suna sun buɗe ƙofa ga maza, alhali manyan kulob ɗin maza da dama suna nan a gine-ginensu, tsofaffin mambobinsu masu kuɗi suna tsaye a bayansu. An kai jami'ar ƙara, kuma a watan Yunin 2020 shugabanta na lokacin Lawrence Bacow ya janye dokar bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Bostock kan wariyar jinsi a wurin aiki, domin ya ga alamar za a ce ita kanta dokar wariyar jinsi ce. Mazan sun jure har guguwar ta wuce, matan ne suka yi asarar abin da suka gina.

Sannan akwai ƙungiyoyin baƙar fata guda tara, waɗanda aka kafa a zamanin da ƙungiyoyin Turawa ba sa karɓar baƙar fata. Alpha Phi Alpha ta fara a Jami'ar Cornell a 1906, Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a alƙalan Kotun Ƙoli, duk mambobinta ne. Alpha Kappa Alpha ta mata ta fara a Jami'ar Howard a 1908, ita ce ta Kamala Harris. Delta Sigma Theta an kafa ta a 1913, kuma a watan Maris na shekarar mambobinta suka shiga tattakin neman 'yancin zaɓen mata a Washington. A jami'ar da baƙaƙe ba su da yawa, reshensu ba ya wuce mutum kaɗan, ba su da gida, a ɗakin da jami'a ta ara musu suke taro. Na ga yadda suke kafa tebur a bakin ɗakin cin abinci suna yi wa ɗalibai rajistar zaɓe, na kuma ga dattijai mata masu jikoki sanye da launin ƙungiyarsu sun zo bikin yaye 'yan reshe, domin su mambancin na har abada ne. Ba na cewa su tsarkaka ne, gwale-gwale ya ci rayuka a cikinsu su ma. Amma ranar da jami'a ta janye ɗakin taro, waɗannan ne ba su da inda za su je, masu katafaren gida kuwa ko labule ba za su sauya ba.

Ɗan Zango Kumasi:
Ƙanwata Auta, kin yi magana. In ƙara da cewa abin bai yi nisa da mu ba kamar yadda ake zato, domin Kwame Nkrumah ya shiga Phi Beta Sigma lokacin yana karatu a Jami'ar Lincoln ta Pennsylvania, kuma Nnamdi Azikiwe ma ɗan wannan ƙungiya ne. Ɗan Afirka da ya sauka a wancan zamani ba shi da kowa, a nan ya sami waɗanda za su kira shi ɗan'uwa. Ko a yanzu ɗalibai Musulmi sun kafa tasu, Alpha Lambda Mu, a Jami'ar Texas da ke Dallas a 2013, ba barasa, aikinsu zumunci da hidimar jama'a. Wannan ya nuna mini cewa buƙatar tana nan, ko wace riga aka sa mata. Yaro ya bar gidansu yana ɗan shekara 18, ya faɗa cikin dubban baƙi, dole ya nemi inda za a san sunansa a kuma lura idan bai fito ba.

Malam Na-Samaru:
'Yata Auta, na gamsu cewa ba daidai ba ne a haɗa mai laifi da marar laifi a hukunci ɗaya, kuma zancen Harvard ya sa ni tunani. Amma ina nan a kan bakana game da sirri da rantsuwa. Duk inda aka ce wa yaro abin da ya faru a ɗakin nan ba a faɗa, an riga an shirya ranar da za a ga ɗan'uwa yana mutuwa a yi shiru. Zumunci da hidimar jama'a ba sa buƙatar sirri. In ƙungiyoyin nan da gaske suke, su soke lokacin gwaji na sabon shiga baki ɗaya.

Dokta Maman Sadiq:
Malam, an gwada abin da ka faɗa. Sigma Alpha Epsilon, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin maza, ta soke lokacin gwajin a hukumance a 2014 bayan yawan mace-mace a rassanta, kuma babbar majalisar ƙungiyoyin maza ta ƙasa ta hana barasa mai ƙarfin da ya wuce kashi 15 cikin 100 a gidajen mambobinta daga 2019, sai in mai lasisi ne ya kawo. Matakai ne masu kyau, amma hedikwata tana wata jiha, waɗanda suke tafiyar da gidan kuwa samari ne 'yan shekara 20 da aka yi wa gwale-gwalen bara, suna ganin bana layinsu ne.

Akwai kuma wani abu da nake ganin shi ne ƙashin bayan ƙarfin ƙungiyoyin maza, ba a kuma cika faɗarsa ba. Tun dokar 1984 shekarun sayen barasa a Amurka 21 ne, ke nan yawancin ɗaliban digirin farko ba su kai ba. Ɗakunan jami'a akwai masu lura, mashaya tana duba katin shaida, gidajen ƙungiyoyin mata kuma dokar majalisarsu ta hana barasa a ciki. Sai ya zama wuri ɗaya ne ya rage, gidan ƙungiyar maza. Duk wanda ya koyar a irin garuruwan nan ya san abin da ake gani daren Juma'a: 'yan mata sababbin shiga sun yi layi cikin sanyi a ƙofar wani gida, saurayi ɗaya a tsaye riƙe da waya yana zaɓen wadda za ta shiga, a ciki kuma masu gidan ne suke haɗa abin sha, su ne suka san wane ɗaki yake da makulli. Yawancin ƙorafin cin zarafin mata da ake yi a kan waɗannan gidaje daga wannan tsari yake tasowa. Jami'ar da ta soke amincewa ta bar wannan tsari yadda yake tana kama da maigidan da ya kori ɗansa mai shaye-shaye daga gida: an daina ambaton sunansa a unguwa, yaron kuwa ya koma hannun waɗanda suka koya masa.

Shi ya sa nake kawo kwalejin Swarthmore kusa da Williams da Bowdoin. A watan Afrilun 2019 wasu takardun cikin gida na ƙungiyar Phi Psi suka fito fili ɗauke da kalaman wulaƙanta mata da tsiraru, ɗalibai suka yi zaman dirshan a gidan, ƙungiyoyin maza biyu da suke kwalejin suka rushe kansu, sannan a watan Mayu shugabar kwalejin Valerie Smith ta ce an gama da ƙungiyoyin. Abin ya yiwu cikin makonni saboda gidajen na kwaleji ne, haya ta ba su. Duk inda na ga rufewa ta tabbata, jami'a ce take riƙe da makullin gidan kuma ta kashe kuɗi ta samar wa ɗalibai wani wurin zama da haɗuwa. Bloomsburg da ire-irenta masu dogaro da kasafin jiha, ɗalibansu da yawa suna haya a cikin gari, ba su da ko ɗaya daga cikin biyun.

Baban Hafsa:
Dokta, ke nan a jami'ar gwamnati babba, kina ganin gara a bar su a ciki?

Dokta Maman Sadiq:
Gara a bar su a ciki a riƙa rufe reshe mai laifi da sunansa, a kuma matsa wa hedikwata ta karɓe izininsa, domin reshen da ya rasa izini ya rasa inshora da haruffan da yake taƙama da su, kuma wannan ya fi janyewar jami'a yi musu ciwo. Na san wannan ba zai sanyaya zuciyar Hajiya ba, kuma tana da gaskiya cewa an sha yin alkawarin sa ido ana saɓawa.

Hajiya Maman Khalil:
Bai sanyaya ba, Dokta, amma na fahimta. Barista, na ji an yi sabuwar dokar tarayya a kan gwale-gwalen nan. Ba ta toshe wannan ɓarakar ba?

Lauya Ɗan Katsina:
Ta toshe rabi, Hajiya. Shugaba Joe Biden ya sa mata hannu a watan Disamba na 2024. Ta wajabta wa jami'o'in da suke cin gajiyar tallafin ɗalibai na tarayya su sa alƙaluman gwale-gwale a rahoton tsaro na shekara, kuma a wannan ɓangare ma'anar ƙungiyar ɗalibai ta haɗa har da wadda jami'a ba ta amince da ita ba. Sai kuma rahoto na biyu, wanda ya fi amfani ga iyaye, inda ake wallafa sunan ƙungiyar da aka samu da laifi da abin da ta yi da hukuncin da aka yanke mata. Wannan rahoto ƙungiyoyin da jami'a ta kafa ko ta amince da su kaɗai ya shafa. Ke nan jami'ar da ta raba gari da kowa shafinta zai iya fitowa fes, alhali gidajen suna nan a bayan katanga suna ɗaukar yara. Saboda haka uwar da ta duba ta ga babu suna kada ta saki jiki, ta tambayi ofishin harkokin ɗalibai kai tsaye ko akwai ƙungiyoyin da suke aiki a gari ba da amincewa ba, domin wasu jami'o'in suna wallafa jerin sunayensu don gargaɗi.

Abin da yake bin ɗalibi duk inda ya shiga shi ne dokar jiha. A Pennsylvania dokar da aka sa wa sunan Timothy Piazza a 2018 ta mai da gwale-gwalen da ya jawo mummunan rauni ko mutuwa babban laifi mai ɗaurin da zai kai shekara 7, ta ba kotu ikon ƙwace kadarar da aka yi amfani da ita wajen laifin, ciki har da gidan, ta kuma ba da kariya ga wanda ya kira agaji ya tsaya tare da marar lafiyar har masu ceto su iso. Louisiana da Ohio su ma sun tsaurara nasu bayan mutuwar ɗalibansu. Wannan kariya ta mai kiran agaji ba kowace jiha ce take da irinta ba, don haka duk mai yaro a can ya binciki ta jihar da yaronsa yake, ya kuma zaunar da shi ya gaya masa cewa in ya ga wani ya sheme ba ya amsawa, ya kira 911 nan take ko da duk ɗakin sun ce kada ya kira.